Falken Da Ya Wanke Harshensa

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi, wanda gara ta ci gefensa, masu aro kuma suka ɓata tsakiyarsa da man gyaɗa, cewa a zamanin da an yi wani gari ana ce masa Birnin Alharini. Mutane da yawa sun ji labarin nan a wannan zaure, sun tafi suna bayarwa a nasu zaurukan kamar su suka tono shi, ko ɓarin goro ba wanda ya aiko. Ba komai. Ga shi yadda yake, ba yadda suka dagula shi ba.

An ce mutanen Birnin Alharini ba su da abin alfahari kamar bakinsu. Ba su fi kowa noma ba, ba su fi kowa yaƙi ba, amma in ɗayansu ya fara zance sai ka ce sabon rawani ake warwarewa. Suna da maganganu biyu da ba sa rabuwa da su: ba sa buɗe baki sai da "wato", ba sa rufe shi sai da "ka gane ko?" Mutum ɗaya ne a garin ba ya ƙaunar jin haka, shi ne kuwa Sarkinsu, Sarki Zailani, don a ganinsa duk wanda ya tambaye shi ko ya gane, zaginsa ya yi a fakaice.

A cikin attajiran garin akwai wani falke da ya ajiye tafiya ya buɗe rumfar turare, ana kiransa Malam Nu'umanu. Dattijo ne mai son kansa da kyau, sau biyu a mako wanzami ke gyara masa gemu, kuma ba ya wuce randa bai leƙa fuskarsa ba. Duk birnin ba wanda ya kai shi iya "wato". Ba kuma wanda ya kai shi yi wa fataken yamma dariya in sun shigo kasuwa suna "awo" maimakon "i", suna "tau" maimakon "to", suna rantsuwa da aradu. In sun wuce sai ya toshe kunne ya ce, "Wato, waɗannan tauna magana suke yi kamar ɗanyen rogo, kun gane ko?"

Abin da ba wanda ya sani, sai matarsa Sa'ade, shi ne sunansa na yanka ba Nu'umanu ba ne. Nomau ne, ɗan Tungar Hantsi, can ƙuryar yamma. Shekara ashirin da biyar ke nan da ya baro gida, ba aike ba saƙo. Duk shekara in ayarin garinsu ya sauka, da wansa Bagudu a gaba yana madugu, sai Malam Nu'umanu ya rufe rumfa ya ce zazzaɓi, ba ya warkewa sai ayari ya tashi.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga mai shela yana kiɗa yana cewa, "Sarki ya gaishe ku. Madugu Bagudu ya rasu a hanya. Mahaifiyarsa, tsohuwa Ige, makauniya, tana fada da jakuna arba'in na gishiri. Ta ce tana da sauran ɗa a garin nan, Nomau na Tungar Hantsi, don marigayi ya taɓa hango shi a kasuwa. In yana raye ya zo ya karɓi uwarsa da kayan ɗan'uwansa."

Kwalbar turaren da ke hannun Nomau ta suɓuce. Ya zauna a kan buhu. Bagudu ya mutu. Inna ta makance, ta kuma keto daji a kan jaki tana nemansa. Jakunan ma ya ɗan yi tunaninsu, kada a yi wa littafi ƙarya, amma ba su ne suka tashe shi ba. Ya ja takalmi ya nufi fada, ko rumfa bai rufe ba.

Da ya shiga ya faɗi ya yi gaisuwa, sai ya tarar an riga shi. Jatau dillali, mai masaukin fataken yamma, wanda Bagudu ya shekara goma sha biyar yana sauka a gidansa, yana durƙushe gaban wata 'yar tsohuwa da ta ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa, yana share hawaye.

Jatau yana cewa, "Inna, ni na. Ni na ɗanki Nomau, aradu. Kunya ta sa na ɓoye sunana. Ina gawon ƙofar gida, shina nan? Ina rijiyarmu mai bakin dutse? Ina akuyarki mai kunne guda?"

Duk abin da Bagudu ya taɓa faɗa a bakin akushi, Jatau ya adana shi, ga shi yau yana zubawa, da harshen yamma tsantsa, wanda ya fi na mutanen yamma kauri.

Waziri Sambo, wani tsoho mai ƙananan idanu da ba sa barin komai ya wuce, ya dubi Nomau ya ce, "Malam Nu'umanu, me ke tafe da kai?"

Nomau ya matsa kusa da tsohuwar. Ya nemi maganar gida a bakinsa, ya laluba sama, ya laluba ƙasa, kamar mai neman allura a aljihun da ya huje. Abin da ya fito shi ne, "Wato, Inna, wato ni ne, kin gane ko?"

Fada ta ɗauki dariya. Dattawan kasuwa uku suka tashi suka ba da shaida cewa da kunnensu sun sha jin Malam Nu'umanu yana rantsuwa a Unguwar Marina aka binne cibiyarsa, kuma ba mai wulaƙanta mutanen yamma kamarsa. 'Yan ayari kuwa samari ne, ba wanda aka haifa lokacin da Nomau ya bar gida.

Tsohuwa Ige ta miƙa hannu ta shafa fuskar Jatau, ta shafa ta Nomau. Yatsunta suna wari irin na hayaƙin kara. Ta janye hannu ta ce, "Allah shi ba ka nasara, yaro na rabu da shi, mai dogon wuya, ga shi an aje min dattawa biyu da gemu. Wanga shina da bakin gida. Wancan kau, bakinai kamar an wanke da toka. Amma ɗan da zai bar uwa shekara ashirin da biyar, ko tsinken tsire bai aiko ba, ai ba a mamakin komi gare shi. Tau. Ni dai ban ce komi ba."

Da ta faɗi wannan ta ƙarshe, wata jijiya ta motsa a gefen goshin Nomau, ya damƙe bakin rigarsa, ya haɗiye abin da ya taso masa. Ba wanda ya lura sai Waziri.

Sarki ya ce, "Kai mai turare, in kai ne, ina ka kai harshenka?"

Nomau ya sunkuya ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wato labarin yana da ɗan tsawo.

"Ranar da na fara shigowa garin nan ina saurayi, da ƙurar hanya har gira, na tsaya wurin wata yarinya mai fura a bakin kasuwa. Ta dama mini, ta ce ko a ƙara nono. Na ce, 'Tau.' Shi ke nan abin da na ce. Yarinyar nan ta yi dariya har ludayi ya faɗi. Masu rini suka ji, suka ɗauka. Kafin la'asar duk layin ba mai kirana sai Tau. Shekara biyu ina amsa wannan suna, Allah ya ba ka nasara, ni da nake da wuya irin na barewa. Sai na yi rantsuwa. Na samo tsakuwa na riƙa sawa a baki, duk sanda maganar gida ta suɓuce mini sai in cije ta. Ga gurbin haƙorin da na rasa, a duba. Na bar garin na shekara uku ina fatauci gabas, na dawo da gemu da sabon suna da sabon baki, ba wanda ya shaida ni sai mai furar nan, ita kuwa na aure ta don ta yi shiru. Wato ba yar da harshena na yi ba, wanke shi na yi, sai wankin ya zarce, ka gane ko?"

Dogari ya zaro ido. Nomau ya ji maganar ta fita, ya so ya kamo ta, ina.

Sarki ya ce a hankali, "Mun gane. Mu ma Allah ya ba mu ɗan abin ganewa." Ya juya ga Waziri. "Ga mai bakin gida, ga mai cewa shi ɗan gida ne. Ɗayansu ya zo ya yi wa makauniya fashi da harshe a gabanmu. Waziri, ina tambayarka: mene ne a cikin magana wanda baƙo ba ya iya ara, ɗan gida kuma ba ya iya yarwa? Kwana uku na ba ka. Ran na uku, wanda tsohuwa ta karɓa ya tafi da ita. Wanda ta ƙi, harshen da ya yi ƙarya da shi zai bari a nan."

Waziri Sambo mutum ne mai hikima, amma yana da lalura ɗaya, ba ya iya riƙe labari in ya zo masa. Ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ya tuna mini da wata mata.

"An ce a wani gari an kawo wata amarya daga nesa, ta zauna shekara arba'in, ta haifi 'ya'ya ta ga jikoki, bakinta ya zama na garin sarai, har aka manta baƙuwa ce. Wata rana tana tsintar itace a bayan gida, kunama ta harbe ta a yatsa. Ihun da ta yi, da salatin da ta ja, duk da harshen garinsu suka fito. Wani mai tallan goro yana wucewa ta bayan danga, ya ji, ya ajiye huhunsa ya ce, 'Wannan ihun gidanmu ne.' Ashe ƙanenta ne da aka haifa bayan tafiyarta. Tsoro, Allah ya ba ka nasara, ba ya jin harshen aro."

Sarki ya gyaɗa kai. Jatau ma ya gyaɗa kai, don ya ji abin da ake shirin yi masa, a kyauta.

Nomau ya koma gida. Sa'ade ta kawo tuwo, ya kai loma baki, ya tsaya yana juya harshensa, yana jin yadda yake taɓa haƙora, yadda yake tura tuwo, abin da bai taɓa kula da shi ba tun da aka haife shi. Ya ajiye lomar.

Ya ce, "Sa'ade, zauna ki saurara. Zan yi maganar garinmu, ki gaya mini in ta yi." Ya gyara murya. "Awo. Wato, awo. Aradu, wato, mi ne ne."

Sa'ade ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

Ya ce, "Dariya kike yi? Jibi za a yanke wa mijinki harshe. Duk ke kika jawo, ke da ludayinki."

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, amma ka fi kama da kanka lokacin da kake kwaikwayonsu a rumfa." Sai dariyar ta ɗauke, ta zauna kusa da shi. "Ni fa ba raini ya sa na yi dariya ran nan ba. Daɗi ta yi mini. Duk samarin garin nan sai su cika ka da wato-wato kafin su ce a ƙara nono, kai kuwa ka ce tau, ka miƙo ƙwarya. Na shekara ashirin ina jira ka sake faɗa, kai kana can kana cizon tsakuwa."

Ya dube ta da baƙin ciki ya ce, "Kuma sai yau za ki gaya mini, bayan haƙori ya tafi."

Washegari ya yini a ɗaka yana maimaita "aradu, aradu", don in tsoron ya zo ya same ta a kusa. Kaza ta yi fiffika, ya zabura. Maƙwabci yana wasa wuƙa a kan dutse, ya aika a roƙe shi ya bari. Da azahar manzo ya zo, Waziri yana kiransa shi da Jatau zuwa lambunsa shan inuwa.

Suna tafe su uku tsakanin itatuwan lemo, Waziri yana ta zancen yabanya, sai zana ta buɗe, kura ta yi tsalle ta dira gabansu. Da takunkumi a bakinta, gardi kuma yana riƙe da sarƙa daga baya, amma wa ya tsaya duba wannan?

Jatau, wanda ya ji warinta tun daga ƙofa, ya faɗi ƙasa da kyau ya ce, "Aradu na mutu! Inna, ki cece ni!"

Nomau kuwa sai ganinsa aka yi a kan reshen lemo, rawani a ƙasa, ƙaya ta kama riga, yana cewa, "Wato kura ce, wato kura ce, kun gane ko?"

Waziri ya daɗe yana kallonsa a sama. Ya ce, "Sauko, Malam. Lalle ka iya wanki."

Ran na uku da hantsi fada ta cika har bakin zaure. Sarkin aska yana zaune a gefe, ya shimfiɗa fata, ya jera kayan aikinsa suna ƙyalli, da kaskon garwashi na tsayar da jini. Nomau ya yi ƙoƙari kada ya duba wajen, idonsa ya ƙi. Ya yi niyya a ransa ba zai ce uffan ba, don duk sanda ya buɗe baki ƙara haƙa wa kansa rami yake yi.

Sarki ya ce, "Waziri, ina amsarmu?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ta kusa. Amma tsohuwa ta roƙi arziki ɗaya. Ta ce kafin a yi hukunci a bar ta ta ba da labarin ɗanta, don wanda za a yanke wa harshe ya san a kan wa aka yanke."

Sarki ya yarda. Aka zaunar da Ige a kan tabarma, Jatau a damanta, Nomau a hagunta. Ta gyara zane, ta fara.

"Nomau dai, tun shina ciki ya fara wahal da ni. Wata goma ya yi, don ƙiwuya. Ranar da anka haife shi kau, ana tsakar noma, ya sa uban ya bar gona, ciyawa ta cinye gero, shekarar nan dussa munka ci. Wansa Bagudu da rani ya zo, da hankalinai, bai ɓata wa kowa aiki ba. Amma ni dai ban ce komi ba."

Jatau ya ce, "Awo, Inna. Hakanan na."

Jijiyar goshin Nomau ta motsa. Ya dubi askar, ya sunkuyar da kai.

"Da ya tasa, sai son ado. Na sai da akuyata na yi mai riga ta salla, ya ce ɗinkin bai yi ba, wai wuyan ya ɓoye mai dogon wuya. Yaro ba ya wuce randa bai leƙa ba, har ruwan gidanmu ya san fuskatai ya gaji. In an aike shi gona, sai a ishe shi gindin gawo shina gyaran hula. Bagudu kau riga guda ya shekara bakwai da ita. Tau. Ni dai ban ce komi ba."

Jatau ya ce, "Aradu, Inna, maganarki daɗi gare ta. Ƙara muna."

Nomau ya cusa yatsunsa cikin tabarma. Shekara ashirin da biyar bai ji wannan magana ba, amma ga ta nan yadda ya bar ta, da ɗan jan numfashin da ake yi kafin a faɗe ta, da ɗan tsakin da ke biyo baya.

"Sai zancen jaki. Muna da jaki guda, shi ad dukiyarmu. Nomau ya kai shi rijiya, ya tsaya kallon 'yan mata, jaki ya zurma. Kwana biyu ana jan gawa. Ban buge shi ba, ban zage shi ba, ni ba mai yawan magana ba ce, kowa ya sani. Na dai ce, wanda ya kashe jakin uwatai, gobe uwar zai bari. Ga shi kau. Ya tahi ya bar ni, ido ya tahi, Bagudu ya tahi. Ana ce min shina nan birni shina shafa turare, ya auri 'yar birni, ko ta iya tuwo ko ba ta iya ba, oho. Amma ni dai, Allah na gani, ban ce..."

"Haba Inna!"

Muryar ta cika fada, har Sarkin aska ya saki abin da ke hannunsa. Nomau ne, ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya manta da Sarki, ya manta da aska.

"Mi ya rage ba ki ce ba? Kin hwaɗi na ciki, kin hwaɗi na waje, kin tono dussar da anka ci ban da haƙori, sannan ki ce ba ki ce komi ba. Kuma jakin nan Bagudu ya kai shi rijiya, ke kin sani, ni ina ɗaka ina jinyar ƙafa, Allah shi jiƙanai amma shi na. Kullum hakanga. A yi magana tun hantsi har rana ta take, a rufe da ban ce komi ba. Aradu wagga magana ita ta kore ni gida, ba yunwa ba. In za ki ce, ki ce kin ce."

Ya tsaya yana haki. Sai a lokacin ya ga idanun fada duka a kansa, ya tuna inda yake. Ya yi wa uwa tsawa a gaban Sarki. Ya dafe bakinsa da hannu biyu, ya ji harshen yana nan, ya san ba zai daɗe ba.

Tsohuwa Ige kuwa dariya take yi, hawaye na bin kumatunta. Ta laluba ta kamo kunnensa, ta murɗa kamar yadda ake yi wa ɗan shekara bakwai. Ta ce, "Ga shi nan. Allah shi ba ka nasara, wanga na nawa. Tun shina ƙarami haka shika yi, sai ya kumbura ya kumbura ya fashe. Na san Bagudu ya kashe jakin, ɗan banza. Ina ka shiga?"

Nomau ya kifa kansa a cinyarta, dattijo da gemu, ya yi kuka irin wanda turare ba ya rufewa.

Da aka natsa, Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga amsar. Na fara da kuskure, na zaci abin yana bakin mai faɗa ne. Ashe yana kunnen mai ji. Ran farko na ga jijiyar mutumin nan ta motsa sanda tsohuwa ta rufe zancenta, sai jiya na tuna, na je na same ta muka shirya. Baƙo yana iya aron maganar gida, ya iya ta har ya fi masu ita. Zai ji ta da daɗi, ko ta ba shi dariya. Amma ba ya iya aron haushinta. Sai wanda aka goya da ita, aka yi masa faɗa da ita safe da yamma, shi take ci wa rai. Wannan kuwa ko da tsakuwa ba ya fita."

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Ashe shi ya sa duk garin nan ni kaɗai nake jin zafin 'ka gane ko'. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ita yake rufe kowace bulala." Ya sa aka kawo alkyabba aka yafa wa Waziri, aka ba tsohuwa zannuwa da saniyar tatsa. Sa'an nan ya dubi Jatau, wanda tuni harshen yamma ya gudu daga bakinsa, yana ta "wato, wato, Allah ya ba ka nasara, wato kuskure ne."

Nomau, da yake ya kwana biyu yana jin daɗin harshensa, ya kasa ganin an raba wani da nasa. Ya faɗi ya roƙa masa. Sarki ya ce, "Mun bar masa. Amma tun da ya ce maganar tsohuwa daɗi gare ta, har yana neman ƙari, to kullum daga hantsi zuwa azahar ya je ya zauna gabanta ta ba shi labari, yana cewa awo, har shekara ta zagayo." An ce ran kwana na arba'in an ga Jatau a ƙofar Sarkin aska yana tambaya ko hukuncin farko yana nan.

Aka kai Ige gidan ɗanta. Sa'ade ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo fura mai sanyi. Tsohuwa ta shafa bango, ta shafa tabarma, ta kurɓi fura. Ta ce ɗakin ya cika iska, tabarmar tana da santsi za ta ka da mutum, furar birni kuwa ruwa ce da aka nuna wa gero daga nesa, kuma duk gidan warin turare kamar an yi ɓarin rumfa. Ta shanye ƙwaryar tas, ta miƙa a ƙara. Ta ja ɗan numfashi ta ce, "Amma ni dai ban ce komi ba."

Jijiyar ta motsa. Sa'ade ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon mijinta. Nomau ya buɗe baki, ya rufe, ya dubi 'yar tsohuwar da ta keto daji don ta zo ta ɓata masa rai.

Ya ce, "Tau."

Ludayi ya faɗi.

Masu littafin suka ce, abin lura a nan shi ne, kada mutum ya ji kunyar bakin da aka ba shi nono da shi, kada kuma ya raina na wani, don kowane gari da abin da yake maimaitawa har ya gundura. Maganar da ta fi ci maka rai a gidanku, ka riƙe ta da kyau, wata rana ita za ta shaide ka. A nan rubutun ya ƙare, abin da ya biyo baya gara ta riga mu karantawa. Allah shi ne mafi sani.